DARASI: Idan Naki Ya Ce "Na Gaji Da Duniya"

  

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata magana ce da ba ma son a ɗauko ta a tsakar gida, wato yadda uwargida za ta gane cewa mijinta, ko ɗanta, ko 'yarta, ko abokiyar zamanta ta soma tunanin kashe kanta, da kuma abin da ya wajaba ta yi tun wuri bai ƙure ba. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, wannan ai ba halin Musulmi ba ne." To ki ɗan yi haƙuri ki ji abin da ya faru da ni.

ABIN DA YA SA NA ƊAUKO WANNAN DARASI

Shekarun baya kaɗan, a ajin matan aure da nake koyarwa nan yankinmu na Bagauda, an tashi karatu kowa na neman takalminta, sai wata ɗaliba ta tsaya a baya goye da jaririnta. Ta matso ta ce, "Malama, wata ce ta ce in tambayar mata. Wai mutumin da ya ga ba shi da amfani ga kowa, ya zama kaya kawai, idan ya tafi da kansa Allah zai kama shi?" Ni kuwa a lokacin sai na ga dama ta samu ta nuna ilimi. Na jero mata ayoyi da hadisai na azaba, na rufe da cewa ta gaya wa mai tambayar ta ji tsoron Allah. Ta ce, "To Malama, na gode." Ta tafi.

Ba a rufa mako biyu ba aka zo mini da labari an garzaya da ita asibiti cikin dare. Allah Ya yi da sauran shan ruwanta a gaba. Da na je dubiya, bayan mutane sun ragu, sai ta ce da ni, "Malama, hukuncin na san shi tun ina yarinya. Ba fatawa na je nema ba. So nake wani ya tambaye ni abin da ke damuna." Wallahi har yau idan na tuna maganar nan sai jikina ya yi sanyi. Duk abin da na faɗa mata gaskiya ne, amma na amsa tambayar na bar mai tambayar. Alhamdu lillahi ta samu magani, ta koma karatunta, yaron nan ma ya shiga makaranta. Amma da ƙaddara ta zo da wani abin daban, da me zan ce wa Allah?

GIRMAN MATSALAR

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum kimanin 727,000 ne suka mutu ta hanyar kashe kansu, kuma kashi 73 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ne, irin namu. Ke nan ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda muke ɗauka. A tsakanin masu shekara 15 zuwa 29, shi ne na uku cikin abubuwan da suka fi kashe su a wannan shekarar. A duk mutum ɗaya da ya mutu, akwai fiye da 20 da suka yi yunƙuri. Maza sun ninka mata fiye da sau biyu wajen mutuwa ta wannan hanya, don haka kada ki ce maganar mata ce kawai. Saboda girman abin ne tun 2003 aka ware ranar 10 ga Satumbar kowace shekara domin faɗakarwa a kansa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Hukumar ta ce kusan ɗaya cikin biyar na irin wannan mutuwa a duniya da maganin ƙwari na gona ake yin ta, galibi a yankunan manoma. Mu kuwa daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa noma ne sana'armu, damina da rani. Wane gida ne za ki shiga ki rasa jarkar maganin feshi a zaure, ko a saman katanga, ko ma a ƙarƙashin gado?

MATSAYIN ADDINI

Babu saɓani tsakanin malamai cewa kashe kai haramun ne, kuma yana cikin manyan zunubai. Allah (SWT) Ya hana a Suratun Nisa'i aya ta 29, kuma hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun zo da gargaɗi mai tsanani. Wannan ba abin wasa ba ne. Amma akwai wasu abubuwa huɗu da ya kamata mu haɗa da wannan sani.

Na farko, ayar da ta yi hanin da ambaton jin ƙan Allah gare mu aka rufe ta. Hanin kansa rahama ne.

Na biyu, jin nauyin rayuwa ba alamar rashin imani ba ne. Nana Maryam (AS), wadda Allah Ya zaɓa a kan matan duniya, lokacin da naƙuda ta kama ta ita kaɗai a gindin dabino, ta yi fatan ina ma ta mutu kafin wannan rana, kamar yadda ya zo a Suratu Maryam aya ta 23. Ki duba amsar da aka ba ta a ayoyin da ke biye. Ba a tsawata mata ba. An ce kada ta yi baƙin ciki, an nuna mata ruwa, an nuna mata dabino, an ce ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a littattafan tarihin Manzon Allah (SAW).

Na uku, wanda ya aikata bai fita daga Musulunci ba. Imamu Muslim ya ruwaito labarin wani mutum da ya yi hijira tare da Ɗufail ɗan Amru (RA), ciwo ya tsananta masa a Madina har ya yi wa kansa raunin da ya zama ajalinsa, kuma Annabi (SAW) ya roƙa masa gafara. A Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa ma an bayyana cewa ana yi wa wanda ya kashe kansa salla. Wanda kuma hankalinsa ya gushe, an ɗauke masa alƙalami. Hukuncin kowane mutum yana wurin Allah, ba a bakinmu ba.

Na huɗu, neman magani umarni ne na Manzon Allah (SAW), kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Usama ɗan Sharik (RA). Tun fiye da shekara dubu wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rarrabe baƙin ciki mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce shi wannan daga jiki yake kuma yana buƙatar magani. Ke nan zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba baƙon abu ba ne a addininmu.

ABUBUWAN DA KE TARUWA SU FI ƘARFIN MUTUM

Iyayenmu suna ba mu labarin yadda madatsar ruwan Bagauda ta ɓalle a watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai yawa. Ba ɗigon ƙarshe ne ya ɓalla ta ba, taruwar ruwan ne. Haka zuciya take. Idan kika ji an ce wance ta yi yunƙurin halaka kanta don miji ya yi mata faɗa a kan gishiri, ki sani gishirin ɗigon ƙarshe ne kawai. Ga kaɗan daga cikin abubuwan da ke taruwa:

1. Ciwon damuwa. Wannan cuta ce kamar hawan jini ko ciwon suga. Alamarta mutum ya yi mako biyu ko fiye, kusan kullum, cikin ƙunci, ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, jiki ba ƙarfi, yana ganin laifin kansa a komai. A wurinmu sau da yawa ba a cewa "ina cikin damuwa". Sai dai a ce kaina na zafi, ƙirjina ya yi nauyi, zuciyata na bugawa, wani abu na yawo a jikina. A yi ta shan maganin zazzaɓi da na taifot ba sauƙi.

2. Jego. Kuka da saurin fushi a kwanakin farko na haihuwa abu ne da aka saba, yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce haka, ciwo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na samun matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Akwai kuma mai tsanani da ke kama mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, inda maijego za ta daina barci sam, ta riƙa sambatu, tana jin muryoyi ko tana tsoron jaririnta. Wannan na gaggawa ne, a ranar ake kai ta asibiti.

3. Zaman aure mai ɗaci: duka, wulaƙanci, auren dole, gorin rashin haihuwa, sakin wulaƙanci, ko raba uwa da 'ya'yanta.

4. Asara da bashi. Manomanmu na rani ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kadawa da kewaye. Magidancin da ya ci bashin taki da iri, amfanin ya lalace, masu bashi na sallama a ƙofar gida safe da yamma, yana cikin haɗari ko da bai ce uffan ba.

5. Shaye-shaye. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Ƙwaya tana ƙara duhun zuciya, tana kuma cire birkin da ke tsayar da mutum.

6. Doguwar jinya, rasuwar makusanci, abin kunya da ya fallasu kamar cikin shege ko fyaɗe ko hoton da aka yaɗa a waya, da faɗuwa jarrabawa ga yaron da aka ɗora wa buri.

7. Wanda ya taɓa yin yunƙuri a baya. Wannan shi ne mafi girman abin da ke nuna haɗari. Kada ki ce ai wancan karon ma bai mutu ba.

ALAMOMIN DA ZA KI LURA DA SU

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yawancin masu wannan tunani sukan nuna alama, mu ne ba ma karantawa. Alamomin sun kasu uku.

(a) Na baki. Ki buɗe kunne idan kika ji irin waɗannan: "Na gaji da duniya." "Da na mutu da kowa ya huta." "Ni kaya ce a gidan nan." "Kwanan nan za ku daina ganina." "Ki riƙe mini yaran nan amana." "Ina ma in kwanta kada in tashi." Haka nan yawan tambayar hukuncin wanda ya kashe kansa, musamman da sunan wata ce ta aiko, kamar ɗalibata. Matasa kuma sukan rubuta a waya, a WhatsApp ko Facebook, abin da ba za su faɗa da baki ba.

(b) Na hali. Mai fara'a ta koma shiru. Ta daina zuwa Islamiyya, ta daina shiga biki da suna, ta kulle kanta a ɗaki. Mai tsafta ta bar wanka da kitso. Ta daina sana'ar da take so. Maigida ya bar zuwa majalisa da masallacin da ya saba, ya zauna shi kaɗai cikin duhu, ko ya koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ki sani namiji sau da yawa da fushi yake nuna damuwarsa, ba da hawaye ba. Yaro ya daina cin abinci, ya raba dare ido biyu, ko ki ga tabon yanka a hannunsa yana ɓoyewa da doguwar riga.

(c) Na shiri. Waɗannan su ne mafi haɗari. Rabar da kayan da mutum ke ji da su ba dalili, kamar atamfofi, ɗan kunne, keken ɗinki ko waya. Bin mutane ɗaya bayan ɗaya ana neman gafara ba tafiya ba ciwo. Biyan ƙananan basuka da barin wasiyya ba zato. Ajiye maganin ƙwari ko tara ƙwayoyin asibiti a ɓoye. Sannan wadda ta fi yaudarar mutane: wanda ya daɗe cikin ƙunci ya wayi gari sakayau, yana murmushi, alhali babu abin da ya canja a halin da yake ciki. Sai gida a ce alhamdu lillahi ya warware. Wani lokacin natsuwar wanda ya gama yanke shawara ce.

Neman gafara da wasiyya ayyukan alheri ne, kuma alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Abin lura shi ne canji daga yadda kika san mutum, da haɗuwar alamomi biyu ko uku, musamman bayan wata musiba.

ABIN DA ZA KI YI

Na ɗaya, ki tambaya kai tsaye. Ki nemi lokacin da ba kowa, ki zauna kusa. Idan ƙanwa ce ko 'ya, ki ce, "Na ga kwana biyu ba kya cikin walwala, kuma na ji abin da kika faɗa jiya. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, tunanin kashe kanki yana zo miki?" Idan maigida ne, bayan ya ci abinci ya natsu, ki ce, "Baban yara, maganar da ka yi ɗazu ta hana ni sukuni. Don girman Allah, ka taɓa jin kamar ka halaka kanka?" Na san bakinki zai yi nauyi. Da yawa suna tsoron kada tambayar ta cusa wa mutum abin da bai yi niyya ba. Binciken masana ya nuna ba haka ba ne. Tambayar ba ta shuka tunanin, sauƙi ma take kawowa, don mutum ya ga an samu wanda zai iya ji.

Na biyu, ki saurara. Ki bari ya gama. Kada ki katse da salati da tafa hannu. Kada ki ce "Me aka rage ki da shi?" ko "Wasu sun fi ki shiga uku." Kada ki fara da wa'azin wuta, kuskurena ke nan. Ki ce, "Na ji ki. Lallai kin ɗauki kaya mai nauyi. Ba zan bar ki ke kaɗai ba." Nasiha tana da lokacinta, kuma idan lokacin ya zo ki fara da ayar da ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, Suratuz Zumar aya ta 53.

Na uku, idan ya amsa da e, ki ƙara tambaya: ya tsara yadda zai yi? Ya tanadi wani abu? Ya sa rana? Idan amsar ɗaya daga ciki e ce, to gobara ce ta kama. Kada a bar shi shi kaɗai ko na minti biyar, dare da rana, har a kai shi asibiti.

Na huɗu, ki kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi. Maganin feshi, maganin ciyawa, fiya-fiya, maganin ɓera, ƙwayar da ake sa wa hatsi, ragowar magungunan asibiti, da bindigar farauta idan akwai, duk a fitar da su daga gidan ko a kulle, makulli a hannun mutum ɗaya amintacce. Kada ki raina wannan mataki. Sau da yawa tsananin tunanin na ɗan lokaci ne, idan babu abin a kusa sai guguwar ta wuce. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da magungunan ƙwari mafiya dafi, sai kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, an ƙiyasta rai 93,000 aka tsirar. A nan gida ma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a kasuwanni saboda wannan dalili. Abin da gwamnati ta yi a ƙasa, ke ma ki yi a ɗakinki.

Na biyar, kada ki yi alkawarin rufe sirri. Zai ce "Na roƙe ki kada ki gaya wa kowa." Ki ce, "Ba zan yaɗa ba, amma ranka ya fi sirrin nan, mu zaɓi wanda za mu gaya wa tare." Ku zaɓi mai hankali da riƙon amana, uwa, ko wa, ko kawu, ko malami. Ceton rai ba gulma ba ne.

Na shida, a je asibiti. A fara da babban asibitin da ya fi kusa, a gaya wa likita gaskiya ba kwana-kwana. Masu ƙwarewa a wannan fanni suna asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a cikin birni. Ga na Barnawa a Kaduna, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ga waɗanda Zariya ta fi musu sauƙi. Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga aikinsa, kuma ana ci gaba da sha watanni bayan an ji sauƙi. Kada a daina sai da izinin likita. A makonnin farko na magani da bayan sallama daga asibiti a ƙara sa ido sosai. Maijego ta gaya wa likita tana shayarwa, akwai maganin da ya dace da ita.

Na bakwai, a taɓa tushen matsalar. Idan bashi ne, dangi su zauna da masu bashi a nemi sassauci. Idan duka ne ko auren dole, a kai ga manya, ko Hisba, ko alƙali. Idan jego ne, a karɓar mata jariri ta samu barci. A yi addu'a, a yi azkar, a yi ruƙya ta shari'a, amma tare da magani, ba a madadinsa ba. Nana A'isha (RA) takan sa a dama wa masu makoki talbina, wani kunu na sha'ir, ta ce ta ji daga Annabi (SAW) yana sanyaya zuciyar mara lafiya yana rage baƙin ciki. Ki ga ni, har kwanon kunu da zama kusa da mutum suna cikin sunna.

IDAN HAR AN RIGA AN SHA WANI ABU

A nemi abin hawa nan take, ko a kira lambar gaggawa 112. Kada a ɗura masa manja, ko madara, ko ruwan gishiri, kuma kada a sa masa yatsa don ya yi amai, domin abin na iya sarƙewa ya shiga huhu. A kwantar da shi a gefensa. Idan maganin ya zuba a jiki a cire tufafin a wanke fatar da ruwa da sabulu. A tafi da kwalbar ko ledar asibiti don likita ya san abin da zai ba shi. Ko ya ce ya ji sauƙi a tafi, wani dafin sai daga baya yake aiki.

Wasu sukan ɓoye don tsoron hukuma, saboda kundin dokar laifuffuka na Arewa da muka gada tun 1960 ya sanya yunƙurin kashe kai cikin laifuffuka a sashe na 231. A watan Oktoban 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa kwamitin da zai yi aikin cire shi daga jerin laifuffuka, bayan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ko ma mene ne, aikin likita ceton rai ne. Kada tsoro ko kunyar unguwa su sa ki bar naki ya mutu a ɗaki.

KURAKURAN DA ZA MU GUJE WA

Cewa mai faɗa ba ya aikatawa, ƙarya ce, da yawa sun faɗa kafin su aikata. Cewa neman suna take ko kissa ce don miji ya kula ta, ko da hakan ne, wadda ta kai ga wannan tana buƙatar kulawar. Ɗora komai a kan aljanu ko sammun kishiya yana ɓata lokaci, yana kuma haddasa gaba. Ɗaure mutum da mari ko dukansa zalunci ne, mun ga abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Kaduna da Katsina a 2019. Sannan gori bayan an tsira, a riƙa nuna ta a biki ana raɗa, shi ne ke mayar da mutum inda ya fito.

KAMMALAWA

'Yar uwa, idan ke ce kike karanta wannan kina jin kamar da ke nake, to da ke nake. Abin da kike ji ciwo ne, yana da magani, kuma ba ya nufin Allah Ya yi fushi da ke. Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki gaya wa mutum ɗaya da kika yarda da shi, ki miƙa masa duk abin da kika ajiye, ki ce ya raka ki asibiti. Idan na farko bai gane ba, ki gaya wa na biyu.

Sauran 'yan uwa kuma, Allah Ya gaya mana a Suratul Ma'ida aya ta 32 cewa raya rai ɗaya kamar raya mutane ne baki ɗaya. Ba sai kin zama likita ba. Kowace a cikinmu ta san wata da ta daina zuwa makaranta ba a san dalili ba, ko maijegon da ba a jin muryarta, ko ɗan da ya koma kwana a ɗaki. Aikin gida na wannan darasi shi ne ki je ki same ta cikin makon nan ki tambaye ta, sannan ki duba inda maganin feshin gidanku yake.

TAMBAYOYIN BITA DOMIN HALƘAR KARATU

1. Kawo alamomi biyu na baki, biyu na hali, biyu na shiri.
2. Wane darasi muka koya daga amsar da aka ba Nana Maryam (AS)?
3. Me ya sa natsuwar farat ɗaya bayan dogon ƙunci take zama abin tsoro?
4. Wane abu ne ba a ba wanda ya sha guba, kuma me ya sa?
5. Ku gwada a tsakaninku bibbiyu: ɗaya ta yi tambayar kai tsaye, ɗaya ta amsa, har bakinku ya saba.

Allah Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu zama sanadin tsirar wani, Ya kyautata ƙarshenmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu.